Shin gani ya kori ji? Hoton zanga-zanga a ma'aunin shaida

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma sun faɗi haka ne a zamanin da babu mai gani sai wanda ke tsaye a wurin da abu ya auku. Wanda ya ga gobarar kasuwa da idonsa ya fi wanda aka ba labarinta a bakin rijiya, wannan babu gardama. To amma tun da na'urar ɗaukar hoto ta shigo, sai aka samu wani irin gani wanda kakanninmu ba su bar mana karin magana a kansa ba: ka ga abu sarai, da launinsa da ƙurarsa, alhali ƙafarka ba ta taka wurin ba. Idon wani aka ara maka, kuma sau da yawa ba ka san ko wane ne ba, ba ka san inda ya tsaya ba, balle abin da ya juya wa baya. Irin wannan gani ƙanen ji ne, ko da ya sanyo rigar gani.

Babu inda wannan magana ta fi nauyi kamar a hoton zanga-zanga. A duk ranar da jama'a suka fito titi, bakuna biyu ne ke jayayya kafin faɗuwar rana. Hukuma ta ce ƴan tsirarun ɓata-gari ne, masu shirya tafiyar su ce gari ne ya tashi kacokam. Sai a jawo hoto a ɗora shi a kujerar alƙali. Da hoton ne ake kama wani ko a wanke shi, da shi ƙasashen waje ke yanke hukunci a kanmu, kuma shi ne ɗan lakwal zai tarar a littafin tarihi bayan shekara talatin. Saboda haka tambayoyi biyu ne ke kan duk mai kallo: shin hoton gaskiya ne, kuma shin gwani ne ya ɗauke shi? An saba raba su, a bar ta farko ga ƴan jarida, ta biyu ga masu ba da kyaututtuka. Ni dai a ganina tambaya ɗaya ce, kuma abin da nake son in nuna ke nan.

Hoton ado da hoton shaida

Mutanenmu ba baƙin hoto ba ne, kuma tun da daɗewa sun san cewa hoto iri biyu ne. Akwai hoton ado, wanda ake zuwa ɗakin mai hoto ranar Salla a ɗauka, a jingina da babur ɗin aro, a riƙe rediyon da ba na mutum ba, a bayansa kuma ga zanen jirgin sama ko na benen da bai taɓa shiga ba. Irin aikin da ya ɗaukaka sunan Seydou Keïta a Bamako ke nan, kuma Philippe Koudjina ya bar mana fuskokin samarin Yamai na shekarun 1960 da 1970 cikin kwalliyarsu. Babu wanda ya taɓa kiran hoton ado ƙarya, domin da mai ɗauka da wanda aka ɗauka da mai kallo duk sun san yarjejeniyar. Haka abin yake a ƙofar fadar Sarkin Gobir a Tibiri: idan maroƙi ya kira basarake giwa, ba wanda ke waiwaye yana neman haure. Zuga ta ambaci sunanta da bakinta, don haka ba ta yaudari kowa ba.

Hoton jarida shi ne hoton shaida. Yarjejeniyarsa daban take, domin cewa yake yi: na je, na tarar, ban ƙara ba, ban rage ba. Haɗarinsa shi ne ba a jin muryar mai maganar. Maroƙi kana ganin bakinsa, ka san wanda ke ba shi riga. Hoto kuwa yakan zo shiru kamar daga sama ya faɗo, har mutum ya manta cewa akwai yatsan da ya latsa.

Sai dai a nan akwai gyara ga wani zargi da ake yawan yi. Wasu da zarar sun ga masu zanga-zanga sun ɗaga kwalaye suna fuskantar na'ura, sai su ce ai shiri ne. To, zanga-zanga dama shiri ce. Magana ce da ake yi da ƙafafu domin a gani. Wanda ya rubuta kwalinsa da Faransanci a garin da kowa ke jin Hausa ya san sarai wa yake yi wa magana, kuma hakkinsa ne. Abin tambaya shi ne wa ya shirya. In jama'a ne suka tsara kansu, mai hoto ya tarar ya ɗauka, shaida ce. In kuwa mai hoto ne ya ce yaro ya sake jefa dutsen don bai samu na farko ba, ko ya miƙa masa tuta, to ya bar layin masu shaida ya koma na masu wasan kwaikwayo, kuma bai sanar da mu ba.

Ƙofofin ƙarya

Ƙofa ta farko ita ce jabu tsagwaronta, kuma ita ce mafi sauƙin hukunci. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta sallami Brian Walski saboda ya haɗa hotuna biyu da ya ɗauka kusa da Basra ta Iraƙi ya mai da su ɗaya don ya fi kyau. Sojan da ke ciki na gaskiya ne, mutanen ma haka, amma lokacin da hoton ya nuna bai taɓa wanzuwa ba. Yau kuwa, da zuwan ƙirƙirarriyar basira, ana iya ƙaga taron dubban mutane ba tare da ko mutum ɗaya ya fita daga gida ba.

Ƙofa ta biyu ita ce hoton gaskiya da bayanin ƙarya. A watan Disamba na 1989, a garin Timishuwara na Rumaniya, an nuna wa duniya gawawwakin da aka tono daga maƙabartar matalauta, aka ce waɗanda gwamnatin Ceausescu ta kashe ne, kuma manyan jaridun Faransa suka ɗauka suka yi ta ambaton dubbai. An yi kisa a garin da gaske, mutane kusan ɗari sun mutu, amma da asirin gawawwakin ya tonu sai ƙaryar ta shafa wa gaskiyar baƙin fenti. Wannan ƙofar ce ta fi cika a salularmu ta yau: hoton wata ƙasa ko na wata shekara, a manna masa sunan Maraɗi da kwanan watan jiya, ya zagaye WhatsApp kafin azahar.

Ƙofa ta ukku ita ce ta fi cancantar dogon tunani, domin a cikinta ba a taɓa komai ba, ba a canza suna ba, kuma duk da haka an yi shaidar zur. Kowane hoto yana da baki huɗu, kuma abin da ya faɗa waje da su ya fi abin da ke ciki yawa. Ranar 9 ga Afrilu 2003, a dandalin Firdausi na Bagadaza, hotunan da aka ɗauka daga kusa sun nuna kamar birnin ne duka ya taru yana kayar da gunkin Saddam Husaini. Waɗanda aka ɗauka daga saman bene sun nuna fili mai faɗi, da ƴan ɗaruruwan mutane, cikinsu har da ƴan jarida da sojojin Amurka, kuma motar sojojin ce ta ja gunkin ya faɗi. Duka hotunan na gaskiya ne. Bambancin yana ga inda aka tsaya.

Ba sai mun je Bagadaza ba. Mu tuna 2005 a nan gida. Bayan farin 2004 da ɓarnar fara, kuɗin buhun hatsi ya ninka fiye da sau biyu, kuma asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF a Maraɗi ya cika da yara masu tamowa. A watan Yuli hotunan da BBC ta ɗauka a wannan gari suka girgiza duniya, taimako ya fara kwararowa. A watan Agusta shugaba Mamadu Tanja ya ce wa wannan kafa babu yunwa a ƙasar. Yanzu mai karatu ya ƙaddara masu hoto biyu a rana ɗaya. Na farko ya nufi Jiratawa, ya tsaya cikin gandun noman ranin nan, ya ɗauki korayen gonaki da zogale, ya biyo ta babbar kasuwa ya ɗauki buhunan hatsi jibge. Na biyu ya shiga tantin likitoci ya ɗauki uwa da ɗanta. Wanne ya yi ƙarya? Babu. Amma kowannensu in ya tsaya shi kaɗai ya ɓatar da mai kallo: na farko ya ce lafiya lau, na biyu ya ce ƙasar babu ƙwayar hatsi. Gaskiyar wannan shekara tana tsakaninsu, wato abinci yana nan amma ya fi ƙarfin aljihun talaka, kuma wannan ba ya ɗaukuwa sai da hotunan biyu a jere.

Akwai kuma wani hoto na wannan shekarar da duniya ba ta damu da shi sosai ba. Tun a watan Maris ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa sun fito da jama'a a kan harajin TVA na kashi 19 cikin 100 da aka ɗora wa kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, har da ruwa da wutar lantarki. An yi babbar tafiya a Yamai ranar 15, aka rufe kasuwanni da shaguna ranar 22, aka kama jagorori irin su Nuhu Arzika da Maru Amadu da Musa Cangari, sa'an nan a watan Afrilu gwamnati ta ja da baya a kan yawancin kayan. Ɗan Nijar mai magana, mai hujja, wanda ya fito ya kuma ci nasara, bai samu shafin farko ba kamar yadda ɗan Nijar mai kwance shiru ya samu bayan wata huɗu. Wannan ma yanka ne, sai dai a ɗakin editoci aka yi shi.

Na'ura tana son wuta da tuta. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin tarzomar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, mutane 10 sun mutu a Damagaram da Yamai, kuma hukuma ta ƙidaya majami'u 45 da aka ƙona a Yamai. Hotunan harshen wuta gaskiya ne, kuma kada kowa ya fake da wannan rubutu ya musanta su. Amma musulmin da ya ɓoye maƙwabcinsa kirista a ƙuryar ɗakinsa, shi ma ya yi aiki a wannan rana, kuma aikinsa ba ya yin hoto, domin amfaninsa duka yana cikin kada a gani. Haka ranar 30 ga Yuli 2023, kwana huɗu bayan juyin mulki, a ƙofar ofishin jakadancin Faransa: tutocin Rasha ne suka cika jaridun duniya, kamar yadda suka sake cika su daga Kano a watan Agusta na 2024. Tutocin suna nan, an ɗaga su. Amma tuta ɗaya a gaban idon na'ura tana rufe mutum ɗari a bayanta, kowannensu da dalilin da ya fito da shi, wani fushin shekaru, wani tsadar shinkafa, wani kallo kawai. Hoton ya amsa tambayar da baƙo ya zo da ita, ya bar wadda mutanen suka fito yi.

Isnadi da matani

To yaya za a yi? A rufe ido a ce duk hoto ƙarya ne? Wannan ita ce babbar kyautar da za a yi wa azzalumi, domin ba abin da yake so kamar ranar da za a nuna masa gawa ya ce haɗi ne, kowa ya gyaɗa kai. Mai gaskata komai da mai ƙaryata komai malalata ne su biyun, sun guje wa wahalar bincike.

Abin mamaki shi ne muna da awo a hannu, tsoho ƙwarai, wanda ake karantarwa a zaurukan malamai na Maraɗi da Tibiri har gobe. Malaman hadisi sun gamu da matsala irin tamu: magana ta zo daga nesa, ta bi ta bakuna da yawa, kuma akwai masu ƙirƙira. Sai suka raba bincike biyu, isnadi da matani. Isnadi shi ne jerin waɗanda suka miƙo maganar, wane daga wane. Matani shi ne maganar kanta. Ba cewa nake hoto ya kai darajar hadisi ba, hanyar binciken kawai nake aro.

Isnadin hoto shi ne: wa ya ɗauka, a ina, yaushe, wa ya fara bugawa, ta hannun wa ya iso gare ni? Hoton da ke ɗauke da sunan mai shi ya fi wanda aka rubuta wa “an turo” a kai, ko da mai sunan yana iya kuskure, domin akwai wanda za a riƙe. A aji, idan ɗalibi ya nuna mini hoto a salula, tambayata ta farko ba ta wuce wa ya ba ka, sa'an nan shi kuma wa ya ba shi. Galibi a mutum na biyu igiyar take tsinkewa. Matanin hoto kuwa shi ne abin da ke cikinsa, kuma a nan ɗan gari ya fi kowane masani na waje. Shi ya san kakin jandarma daga na ɗan sandan wata ƙasa, ya san lambar motar Nijar daga ta Najeriya, ya san ba a ganin hazon hunturu a watan Agusta, ya san ko wannan shataletale yana garinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malaman sun ƙara sharuɗɗa biyu ga mai ruwaya, kuma su ne zuciyar maganata. Na farko adalci, wato ya zama ba maƙaryaci ba. Na biyu kiyayewa, wato ya iya riƙe abin da ya ji daidai. Mutumin kirki wanda ba ya iya riƙe magana, ba a kafa hujja da ruwayarsa, ko da kowa ya yarda da tsoron Allahnsa. Ashe tun tuni sun gane cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba, ƙwarewa wani ɓangare ne na gaskiya. Sun kuma san cewa labarin da ya zo ta hanyoyi masu yawa waɗanda ba su haɗa baki ba ya fi ƙarfi, kuma in amintacce ɗaya ya saɓa wa amintattu da yawa, sai a dakata. Salula a nan ta zo da alheri tare da sharrinta: taro ɗaya yanzu ana ɗaukarsa daga kusurwa hamsin, kuma ƙarya tana wahalar tsayawa a gaban kusurwa hamsin.

Mene ne gwaninta?

Idan ana maganar gwanin hoto, hankali yakan tafi ga haske da tsari da kama lokacin da ya dace, abin da Henri Cartier-Bresson ya yi suna a kansa. Duk waɗannan suna da muhimmanci, domin hoton da ba ya tsayar da ido ba ya isar da saƙo. Hoton da Finbarr O'Reilly na kamfanin Reuters ya ɗauka a Tawa ranar 1 ga Agusta 2005, wanda aka zaɓa a matsayin hoton shekara a gasar World Press Photo, ba ya nuna haƙarƙari ko ƙuda. Ƴan yatsun yaro ne a kan leɓen uwarsa, ita kuwa tana duban gefe. Ya faɗi yunwar, ya kuma bar wa matar mutuncinta. Zaɓi ne, kuma zaɓin ne gwanintar.

Amma a gefe guda ga Elie Kagan. Daren 17 ga Oktoba 1961, ƴan Aljeriya suka fito a Paris suna ƙin dokar hana fita da shugaban ƴan sanda Maurice Papon ya ɗora musu, aka kashe da yawa, aka jefa wasu a kogin Sen. Hotunan Kagan na wannan dare masu duhu ne, an ɗauke su cikin sauri da tsoro, wasu malamin hoto zai iya cewa a sake. Duk da haka su ne suka tsaya shekaru da dama a gaban shirun hukuma, har shugaba François Hollande ya amince da abin da ya faru a 2012. Da za a auna su da ma'aunin kyau kaɗai, da sun faɗi. Gwanintar Kagan ita ce ya san inda ya kamata ya kasance, ya je, ya tsaya, ya fito da fim ɗinsa.

Daga waɗannan biyu nake fahimtar cewa gwanin hoton zanga-zanga shi ne wanda yankinsa bai yi wa dukan ƙarya ba. Tun da dole ne ya yanka, sai ya yanka inda ɗan abin da ya shigo zai wakilci abin da ya rage a waje. Yakan ɗauki na kusa don a ga fuskar fushi, ya hau bene ya ɗauki na nesa don a ga yawa ko ƙaranci. Yakan ɗauki dutsen da aka jefa da barkonon tsohuwar da aka harba, ya kuma kiyaye wanne ya riga. In ya ga manyan motoci suna sauke mutanen da aka kwaso daga ƙauyuka don cika fili, kamar yadda kowa ya san ana yi a tarukan siyasa, ko na masu mulki ko na ƴan adawa, yakan ɗauki motocin su ma. Hoton da ya yi kyau ta hanyar ɓoye abin da zai rage masa kyau, aikin mai wayo ne, kuma wayo da gwaninta ba uwarsu ɗaya ba.

Amanar fuska

Saura wani nauyi wanda gaskiya da ƙwarewa ba su sauke shi. Ranar 16 ga Yuni 1976 a Soweto, Sam Nzima na jaridar The World ya ɗauki wani saurayi, Mbuyisa Makhubo, yana gudu ɗauke da Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12 da ƴan sanda suka harba, yayar yaron tana biye tana kuka. Nzima ya ɓoye fim ɗin cikin safarsa. Hoton ya yi wa mulkin wariyar launin fata illar da jawabai dubu ba su yi ba, kuma saboda wannan rana ce ake bikin ranar yaron Afirka tun 1991. Amma Nzima ya bar aikin jarida saboda matsin ƴan sanda, shi kuwa Makhubo ya tsere daga ƙasar, kuma labarinsa na ƙarshe da danginsa suka tabbatar ya fito ne daga Najeriya a 1978. Hoton da ya taimaki al'umma ya cinye rayuwar wanda ke cikinsa, alhali ba a tambaye shi ba.

Wannan ba tsohon labari ba ne. Hoton da jarida ta buga da safe, shi ne ɗan sanda ke dubawa da yamma. A gari irin namu, inda kowa ya san gidan su kowa, fuska adireshi ce. Mace da ta fito tafiya ba da sanin mijinta ba, ɗan lakwal da ke shirin jarrabawa, ƙaramin ma'aikacin gwamnati, kowannensu yana iya biyan kuɗin hoton da wani ya samu yabo a kansa. Mu tuna kuma yaran Tibiri da ruwan famfo mai yawan sinadarin fuluyor ya lanƙwasa wa ƙasusuwa, waɗanda ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam na ANDDH da FIDH suka ɗauki ƙararsu a farkon shekarun 2000. Hotunan ƙafafunsu sun zama hujjar da ta fi kowace takarda, kuma babu wanda zai ce da ba a ɗauka ba. Amma yaran nan sun girma, sun zama magidanta, hotunan kuwa ba su girma ba. Wa ya tambaye su ko sun yarda a ci gaba da nuna su?

Wasu sun nemi mafita ta hanyar da ta fi cutar muni. A 2023 wani reshe na ƙungiyar Amnesty International ya wallafa hotunan da kwamfuta ta ƙaga don tunawa da zanga-zangar Kolambiya ta 2021, da hujjar kare masu zanga-zangar daga a gane su. Niyyar mai kyau ce, an ma rubuta a jikinsu cewa ƙagaggu ne, amma suka ta yi yawa har aka janye su. Masu sukar sun yi gaskiya: ƙungiyar da jarinta duka shi ne a yarda da shaidarta, in ta nuna abin da bai faru ba don ta tabbatar da abin da ya faru, ta miƙa wa masu musu sanda. Mafitar tana hannun gwani, ba ta hannun kwamfuta. Ana ɗaukar taro daga baya, ana ɗaukar hannaye da kwalaye da takalman da aka zubar, ana neman izini in hali ya yi, ana kuma ajiye wani hoton a akwati har ranar da fitowarsa ba za ta kai kowa kurkuku ba. Sanin abin da ba za a buga yau ba yana cikin sana'ar.

Abin da ya rage gare mu

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka mutu bisa ƙidayar hukuma. A lokacin babu jarida mai zaman kanta a ƙasar, domin Haske ba ta fara fitowa ba sai bayan ƴan watanni, rediyo da talabijin kuwa na gwamnati ne. Duk da haka wannan rana ta buɗe hanyar da ta kai ga Babban Taron Ƙasa na 1991, kuma ɗalibai suka riƙa tunawa da ita shekara bayan shekara. Bakunan waɗanda suka gani ne suka riƙe ta, bakuna masu yawa, masu suna, waɗanda ana iya zuwa a tambaye su. A nan ji ne ya yi aikin da ake jingina wa gani, domin isnadinsa mai ƙarfi ne.

Yau muna da akasin haka: hotuna sun fi ƙurar kasuwa yawa, masu suna kaɗan ne. Abin da nake roƙo ga matasanmu masu riƙe da na'ura shi ne su rubuta wuri da rana a kan kowane hoto, su adana na asali, su yarda a san su in babu haɗari. Ga makarantu da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuwa, lokaci ya yi da za a tara hotunan wannan jiha a wuri ɗaya, don kada jikokinmu su je neman fuskar Maraɗi ta 2005 a rumbun wani kamfani na Landan ko Paris. Shi kuma mai karatu, kafin ya tura hoto ga wani, ya tuna cewa da wannan latsawar ya shiga jerin masu ruwaya, kuma za a iya tambayarsa daga wa ya ji. Hoto mai shaida ne, a saurare shi da girmamawa, a yi masa tambayoyin da ake yi wa kowane mai shaida. Kujerar alƙali kuwa tamu ce, kuma babu na'urar da za ta zauna mana a kanta.